Zuwan Farko Birnin Kano: A Ina Baƙo Zai Sauka?

    

A wannan mako na ware wasiƙu uku daga cikin waɗanda kuka aiko, domin ko da yake daga wurare daban-daban suka fito, tambayarsu guda ce. Ta farko daga wani manomi ce a wajen Maigatari ta Jihar Jigawa. Ya ce bana Allah Ya ba shi riɗi, kuma yana so ya kai kayansa kasuwar Dawanau da kansa, amma bai taɓa shiga Kano ba. Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a wajen Malumfashi, wadda za ta aurar da 'yarta, tana so ta je Kantin Kwari ta sayo atamfofi da leshi. Ta uku kuwa daga wani dattijo ce a ƙasar Misau, wanda ya ce tun yana yaro yake jin labarin Dala da gidan Sarki, yanzu yana so ya kai 'ya'yansa biyu su gani da idanunsu. Dukansu cewa suka yi: Malam, in mun je a ina za mu sauka?

To, madalla da wannan tambaya. Amsar da zan ba ku a dunƙule ita ce: tun kana gida ake neman masauki, kuma abin da ya kai ka shi zai zaɓa maka unguwar da za ka kwana. Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, fara tambayar wane ne zai karɓe ka, wanda in wani abu ya faru zai ce wannan baƙona ne. Bari in warware muku wannan magana dalla-dalla.

Da farko sai mu san irin garin da za mu shiga. Kano tsohon gari ne ƙwarai. Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Sarki Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, shi ya kuma kafa kasuwar Kurmi. A zamanin da, in rana ta faɗi sai sarakunan ƙofa su rufe ƙofofin gari, duk ayarin da ya makara sai ya kwana a bayan ganuwa har gari ya waye. Saboda haka fatake suka koyi lissafin tafiya, su iso da sauran rana.

Kuma in ka dubi sunayen unguwannin cikin birni, za ka ga yadda magabata suka tsara saukar baƙi. Akwai Zangon Barebari, akwai Tudun Nufawa, akwai Agadasawa, akwai Ayagi inda Yarbawa suka zauna, akwai Dandalin Turawa inda Larabawan da suka ƙetaro hamada suka yi gidaje. Unguwar Alfindiki ma an ce sunanta daga kalmar Larabci ya samo asali, wato gidan saukar baƙi. Fagge kuwa, da ke bakin ganuwa ta waje, zango ce ta ayarin raƙuma. Ka ga ke nan kowane baƙo wajen mutanensa yake nufa. Yana isa sai fatoma ya karɓe shi, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, in an yi ciniki ya ɗauki la'adarsa. In aka cuci baƙo, sunan fatoma ne ya ɓaci, don haka yake tsayawa tsayin daka a kan dukiyar baƙonsa.

Jama'a, zamani ya canja, raƙuma sun ba tireloli wuri, amma wannan hikima tana nan da amfaninta. Abin da ya ƙaru shi ne girman gari. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gari ya yi ta faɗaɗa a bayan ganuwa: Sabon Gari, Nasarawa, Bompai, Tudun Wada, Gwagwarwa, har zuwa su Hotoro da Na'ibawa da Rijiyar Zaki da Kurna. Yau mutum zai iya cewa ya sauka a Kano, alhali tsakaninsa da inda yake son zuwa tafiya ce mai nisa a cikin cunkoso. Wanda bai san haka ba sai ya ƙarar da kuɗinsa da ƙarfinsa a kan titi.

To, bari mu fara da kai mutumin Maigatari. Malam, kai ta hanyar Gumel za ka biyo, ka shigo gari ta gabas, wajen 'Yankaba. Kasuwar Dawanau kuwa tana can ɗaya ɓangaren, a kan hanyar Katsina, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Saboda haka kada ka yarda ka sauke buhunanka a cikin gari da niyyar gobe ka sake ɗaukar mota. Kowane lodi da sauki kuɗi ne, kuma a nan ne buhu ke yin ƙafa. Ka yi ciniki da direba tun daga gida a kan ya kai ka har cikin Dawanau.

Kasuwar nan babba ce, tana daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma kowane irin kaya da layinsa da shugabanninsa. Kafin ka tashi, ka je wajen masu sayen riɗi na kasuwarku, ko direbobin da suka saba wannan hanya, ka ce su haɗa ka da dillalin da suka daɗe suna hulɗa da shi. Ka karɓi lambarsa, ku yi magana ta waya, ya san ranar zuwanka da yawan buhunanka. Wannan shi ne fatomanka na zamani. Shi zai nuna maka rumbun da za a ajiye kaya, shi kuma zai nuna maka inda baƙinsa suke kwana kusa da kasuwa. Ka ƙirga buhunanka a gabansa da gaban shaida, a rubuta a takarda. Ku yanke maganar la'ada da kuɗin ajiya kafin a kwance igiya. In ka ga wani ya tare ka a bakin kasuwa da fara'a, yana cewa ai wanda kake nema ya yi tafiya, zo in kai ka wajen ƙaninsa, to ka ce masa ka gode, ka buga waya ka ji daga bakin mai shi. In wayar ba ta shiga ba, tambayi ofishin shugabannin kasuwa. Matambayi ba ya ɓata.

Sa'an nan maganar kuɗi. In an sayar da kaya, kada ka kwana da kuɗin noman shekara guda a ƙarƙashin matashi. In kana da asusu a banki, a tura maka ciki, kuma kada ka saki kaya don an nuna maka saƙo a wayar mai saye. Sai ka ga kuɗi sun shiga naka asusun, ko ka sa wani naka mai karatu ya duba maka. In ba ka da asusu, ka tafi da ɗanka ko ƙaninka mai shi. Abin da za ka riƙe a aljihu kuɗin abinci ne da na mota kawai.

Yanzu sai ke Hajiya ta Malumfashi. Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu ranar biki lafiya. Ke ta hanyar Gwarzo za ki shigo, ki iso wajen Kabuga. Kantin Kwari tana Fagge, kuma kasuwar Singa ta kayan masarufi, da ta Sabon Gari, da ta Ƙofar Wambai duk ba su da nisa da juna. Wato in kin sauka a Fagge ko kusa da ita, kusan duk sayayyar biki za ki gama ta ba tare da doguwar tafiya ba.

Shawarata gare ki ita ce ki fara duba dangi. Da wuya a ce duk garinku babu wanda yake da 'yar'uwa da ke aure a Kano, ko ɗalibi, ko ɗan kasuwa. Ki aika musu tun da sauran kwanaki, ki faɗi ranar zuwa da kwana nawa za ki yi, domin gidajen birni ba kamar namu na karkara ba ne, ɗaki ɗaya ma kuɗi ne, ruwa ma saye ake yi a unguwanni da yawa. Ki riƙa musu 'yar tsaraba, ko gero ko daddawa ko man shanu. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, amma sun kuma ce baƙo raɓa ne. In kin ce kwana biyu, to ya zama kwana biyu. Wani amfanin sauka a gidan dangi shi ne za ki sami wadda za ta raka ki kasuwa, wadda ta san farashi, ta kuma san bambancin atamfa mai kyau da jabu. Wannan kaɗai ya isa ya tsirar miki da kuɗi masu yawa.

In kuwa babu kowa, sai gidan saukar baƙi, to kada ki tafi ke kaɗai. Ki tafi da maigida ko ɗanki babba ko ɗan'uwanki, ko ku haɗu ku biyu ku uku da matan garinku masu irin wannan sayayya, ku kama ɗaki guda. Kayan da kika saya kuwa, in dila ce babba, ki bar ta a shagon da kika saya, a rubuta sunanki a jiki, a ba ki rasit, ranar tafiya ki ɗauka ki wuce tasha kai tsaye. Yawo da ƙunshin sabbin atamfofi daga kasuwa zuwa masauki talla ce ga ɓarawo.

Tun da mun zo kan gidajen saukar baƙi, bari in yi bayani ga kowa da kowa. Yawancin otal-otal na Kano a wajen ganuwa suke. Masu tsada sun fi yawa a Nasarawa da Bompai, masu sauƙin kuɗi kuwa akwai su a Sabon Gari da Fagge da wajen titin Gidan Zu da bakin manyan tashoshi. A ko'ina akwai na kirki akwai na banza, don haka ido da tambaya ne za su raba maka. Kada ka biya kuɗi sai ka ga ɗakin. Ka duba ƙofa tana da sakata ta ciki? Taga tana da ƙarfe da raga? Akwai ruwa a makewayi? In an ɗauke wuta, akwai janareta ko sola, kuma zuwa ƙarfe nawa? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce ga wanda ya zo a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kan ganiyarsa. In damina ce, ka dubi gidan sauro, ka kuma dubi ko unguwar tana cin ruwa. Ka tsaya ka lura da masu shiga da fita. In ka ga gida ne na kiɗa da shaye-shaye, ka ɗauki jakarka ka yi gaba, ko da kyauta aka ba ka. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, takan kai samame irin waɗannan gidaje, kuma ranar da aka zo kamu ba a tambayar wane ne baƙo. Gidan da ya nemi ka rubuta sunanka, ya nemi katin shaidarka, ya ba ka rasit, shi ne ya fi kwanciyar hankali. Wanda ba ya tambayar kowa komai, to ɓarawon ma ba a tambaye shi ba. Araha ba ta ado.

Wani zai ce, Malam, mu da muka saba, ai sai mu shimfiɗa buzu a masallaci ko a tasha. Gaskiya ne a da an yi haka, kuma an kwana lafiya. Amma tun bayan harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu 2012, mutane suka ƙara sa ido a kan baƙuwar fuska, masallatai da yawa kuma kulle su ake yi bayan sallar isha'i. In dare ya yi maka dole, ka nemi liman ko mai unguwa, ka gabatar da kanka, ka faɗi garinku da abin da ya kawo ka. In a tasha ne, ka je ofishin ƙungiyar direbobi, ka nemi direbobin layin garinku, su nuna maka inda za ka kwanta, ka ba da ajiyar kayanka a hannun wanda aka sani. Amma wannan dabarar wanda ya makara ce, kada a mai da ita shiri.

Saura kai Baba na Misau, mai son nuna wa yara tarihi. Allah Ya saka maka da alheri, domin tafiya mabuɗin ilmi ce. Kai ta hanyar Wudil za ka shigo. Abubuwan da kake son gani kusan duk a cikin birni suke. Gidan Sarki da Babban Masallaci da Gidan Makama, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi, duk wuri guda suke, da ƙafa za ku zaga su. Daga nan kasuwar Kurmi ba nisa, inda za ku ga dukawa da maƙera da masu sayar da kayan doki. Karofin Ƙofar Mata, inda ake rini da baba tun ɗaruruwan shekaru, yana kusa da Asibitin Murtala. Dutsen Dala kuwa, inda aka ce Barbushe ya zauna, ku hau shi da sassafe kafin rana ta yi zafi, daga samansa za ku hango gari ta kowace kusurwa, har da Goron Dutse. Gidan Ɗan Hausa ne kaɗai zai fitar da ku zuwa Nasarawa.

Saboda haka kai masaukin da ya dace da kai shi ne cikin birni ko bakin ganuwa. A cikin birni gidajen haya na kwana ɗaya ba su da yawa, gidajen gado ne da zauruka. Hanyar shiga ita ce ta mutane. Ka tambayi limaminku ko alaramman garinku, da wuya a rasa wanda ya yi karatu a Kano, a Madabo ko Sanka ko Koki ko wata unguwar malamai, wanda har yanzu yake da zumunci da gidan malaminsa. Wasiƙa guda ko waya guda daga irin wannan mutum ta fi kuɗi aiki. In an karɓe ku, ku bi al'adar gida: ku tsaya a zaure ko shagon da aka ba ku, yara samari kada su kutsa cikin gida, ku dawo da wuri, kuma ku bari mai gida ya sanar da mai unguwa cewa yana da baƙi. In hakan bai samu ba, ku nemi gidan baƙi a wajen Ƙofar Nasarawa ko Ƙofar Mata ko Fagge, inda hawa guda na adaidaita sahu zai kai ku ƙofar fada.

Ka kuma ce kana sha'awar hawan salla. To, hawan Kano abin kallo ne, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba 2024. A bisa al'ada, ranar salla Sarki yakan je Idi a Ƙofar Mata, washegari a yi Hawan Daushe, sa'an nan Hawan Nasarawa. Amma ka sani a 2024 da 2025 an sami lokutan da hukumomin tsaro suka dakatar da hawa saboda rikicin sarauta. Don haka kada ka sayar da akuya ka kama hanya sai ka ji sanarwa a rediyo, ka kuma tabbatar daga bakin mai masaukinka. In za a yi, ka zo da kwana ɗaya ko biyu kafin salla, domin a lokacin gari cika yake yi, ɗakuna su yi wuya. A wajen kallo ka riƙe hannun yaranka, ka rubuta lambar wayar mai masaukinku a takarda ka sa wa kowane a aljihu.

Akwai abu guda da ya shafe ku duka uku, shi ne lokacin isowa. Ku yi sammako, ku shiga gari kafin la'asar. Baƙo ko da ido makaho ne, balle a ce dare ya haɗu da baƙunta. Tun watan Janairu 2013 aka hana acaba ɗaukar fasinja a cikin Kano, adaidaita sahu ce abin hawa, kuma a 2022 gwamnati ta taɓa hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ko da doka ko babu, abin hawa yakan yi wuya in dare ya yi nisa. Ku yi ciniki kafin ku hau, ku faɗi sunan unguwa da wata alama da aka sani, kamar masallaci ko ƙofa ko makaranta. Mafi kyau ma, kuna sauka a tasha ku kira mai masaukinku, ko ya zo ko ya turo yaro, ko ya yi wa direba kwatance da bakinsa. Waya kuma a bar ta a aljihu, kada a yi ta latsa ta a bakin titi, domin masu ƙwace suna nan. Wanda duk ya tare ka da labarin ya tsinci kuɗi ku je ku raba, ko yana da gwal na sayarwa da araha, ka ce Allah Ya ba da sa'a, ka wuce abinka.

Kada wannan jawabi ya sa wani ya tsorata ya fasa tafiya. Kano gari ne da baƙi suka gina shi tare da 'yan gari, kuma kullum dubban mutane suna shiga suna fita lafiya da dukiyarsu. Manomin da ya kai riɗinsa da kansa zai ga yadda ake awo da yadda ake yanke farashi, ilmin da ba zai samu ba yana zaune a gida. Abin da nake so ku riƙe shi ne tambayoyi uku kafin ku sa ƙafa a mota. Me zai kai ni? Wace unguwa ce ta fi kusa da shi? Wane ne ya san da zuwana? In ka amsa ukun nan, sauran sai addu'ar tafiya.

Mutumin Maigatari, Allah Ya ba da kasuwa mai albarka. Hajiya ta Malumfashi, Allah Ya ba ma'aurata zaman lafiya. Baba na Misau, a gaishe da yara, in kun dawo ku rubuto mana abin da kuka gani daga kan Dala, mu karanta wa sauran masu saurare. Wanda kuma yake da tambaya a kan noma ko kasuwanci ko tafiye-tafiye, ƙofa a buɗe take, ya aiko da wasiƙa ko saƙon waya, ya faɗi garinsu.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa war haka in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.